Yarana Suna Kaiwa Sha Ɗayan Dare Ido Biyu, Ta Ina Zan Fara Gyara?

"Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Kaduna, 'ya'yana biyu, mace 'yar shekara 4 da namiji ɗan shekara 2. Mu kaɗai ne a gidan haya, iyayenmu duk suna Katsina. Yaran nan ba sa barci sai sha ɗaya, wani lokaci har sha biyun dare. Babansu ɗan kasuwa ne, sai wajen tara da rabi yake shigowa, su kuma ba sa yarda su kwanta sai sun gan shi. Da safe tashinsu yaƙi ne, kullum da kuka muke fita. Idan zan yi girki waya nake miƙa musu don in samu sarari. Wata ƙawata ta ce in kafa musu doka, ƙarfe bakwai daidai kowa ya kwanta. Surukata kuma ta ce su a zamaninsu ba a sa wa yaro lokaci, inda barci ya ɗauke shi nan ake ɗaukarsa. Na rasa wadda zan bi. Don Allah a ba ni shawara."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah Ya raya miki su, Ya yi musu albarka. Kafin komai ina so ki cire wa ranki cewa sakacinki ne ya jawo wannan. Na shafe sama da shekara 20 ina aikin jinya a ɓangaren yara, na raini biyar nawa, ga jikoki yanzu, kuma kukan da kika kawo yana cikin waɗanda na fi ji daga bakin matan da ke zaune a birni daga su sai mazajensu. Abin da kike nema, in na fahimce ki, shi ne yadda mace ɗaya mai aiki, ba kaka ba gwaggo a kusa, za ta ɗora yinin yara a kan turba har dare ya riƙa zuwar musu da barci, kuma ba tare da an raba su da ubansu ba. Surukarki da ƙawarki kowacce ta kama wani gefe na gaskiya. Bari in fara da maganar babba, wato Hajiya surukarki.

Gidan da Hajiya take tunawa

Gaskiyarta ce, a gidajen da muka tashi ba wanda ya taɓa duba agogo ya ce yaro ya je ya kwanta. Amma ki tuna yadda gidan yake tafiya. Ladan na kiran assalatu gida ya fara motsi, a ji ƙarar buta, a ji tsintsiya a tsakar gida, a hura wuta a ɗora ɗumame ko a dama koko. Hantsi na yi yara sun tafi makarantar allo ko sun bazu wasa. Rana ta take da azahar, kowa ya nemi inuwa ya kishingiɗa. Da la'asar a yi wa yara wanka, a shafa musu mai, a zizara musu kwalli. Rana na yin ja sai ki ji iyaye mata suna ƙwala kiran sunaye daga zaure, kaji suna shiga akurki, ana ɗaure awaki a turke, ana kwashe tuwo. Bayan isha'i a shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin kaka a yi tatsuniya, fitilar ƙwai tana ci ƙasa-ƙasa saboda kananzir kuɗi ne, jim kaɗan a hure ta. Yaron da Hajiya ta ce barci yana ɗaukarsa inda yake, a kan wannan tabarmar yake ɗaukarsa, cikin duhu, bayan ya yini yana guje-guje, cikinsa kuma ya ɗauka tun magariba. Haka yau, haka gobe, haka jibi.

To kin ga lokaci akwai shi, sai dai gidan ne gaba ɗaya yake juyawa tare da rana da salla, yaro kuma ya bi sahu ba tare da an ce masa komai ba. Ga hannaye da yawa suna riƙe da shi: kaka, gwaggo, abokiyar zaman uwa, yayye mata, 'yar raino. Ke kin baro wannan gidan a Katsina, kin shiga ciki da falo inda ƙwan lantarki ko na sola yake mayar da dare rana, talabijin na magana, waya na hannu, aikin da mata biyar suke rabawa ya dawo wuyanki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da babban gida yake bai wa yaro kyauta, ke sai kin ƙulla shi da niyya.

Ita kuma shawarar ƙarfe bakwai daidai, daga littattafan raino na Turai da Amurka ta fito, kuma su da dalilinsu. A Landan rana takan wuce ƙarfe 9 na dare ba ta faɗi ba a watan Yuni, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Wanda yake zaune inda rana ba ta da alkawari dole ya rataya rayuwar ɗansa a jikin agogo. Mu nan, daga Kaduna har Katsina, magariba tana yi ne tsakanin wajen ƙarfe 6 da wajen ƙarfe 7 duk tsawon shekara, kuma ana shelanta ta da lasifika a kowace unguwa. Ɗan shekara 2 bai san bakwai ba, bai san takwas ba, amma ya san kiran salla, har kwaikwayonsa yake yi. Ko Alƙur'ani da ya zo maganar yara da neman izinin shiga wurin iyaye, a Suratun Nur aya ta 58, da salla da rana ya auna lokutan: kafin sallar asuba, da lokacin da ake tuɓe tufafi da tsakar rana, da bayan sallar isha'i. Shawarata duka a kan wannan ta tsaya: ki mayar da sallolin nan turakun da za ki ɗaure yinin yaranki, ki kuma kula da jerin abubuwa, wannan bayan wancan, fiye da yadda za ki kula da minti.

Lissafin barcin nasu

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan barci da motsa jiki na yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a cikin awa 24, har da na rana, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Naki in sun kwanta sha ɗaya kika tashe su shida da rabi, awa bakwai da rabi ke nan. Ko sun rama awa biyu da rana, ba su kai ba, musamman ƙaramin. Kukan da kuke fita da shi kullum, kukan bashin barci ne.

Abin da yake ruɗa iyaye shi ne, yaron da ya gaji bai cika yin hamma ya nemi shimfiɗa kamar babba ba. Sai ma ya ƙara wuta: tsalle a kan kujera, dariyar da ba dalili, cizo, faɗa da ɗan'uwa, kuka a kan ƙaramin abu. Uwa ta dube shi ta ce ai idonsa tar yake, babu barci a tare da shi, alhali barcin ya zo tun ɗazu ba a tare shi ba ya wuce. Ki sa ido kwana biyu tsakanin magariba da isha'i, za ki ga wani ɗan lokaci da ƙaramin yake murza ido, yake jan kunne, yake liƙe miki a zani. Wannan ita ce ƙofar, kuma ba ta daɗewa a buɗe. Inda nake so ku kai shi ne su yi barci wajen takwas da rabi, su tashi shida ko shida da rabi, sannan su ɗora da na rana.

Ba ki faɗi komai a kan barcin rana ba, amma tunda malama ce ke, zan iya hasashe. Kun dawo wajen biyu ko uku, an ci abinci, sun ɓingire wajen uku da rabi, ke kuma kin ga samu, kin bar su har dab da magariba kina wanki kina shirin darasin gobe. In haka ne, nan ne babbar ɓarakar take. Na tuna wata baiwar Allah da ta kawo mana ɗanta ɗan shekara 3, ta ce ya daina barcin dare, har dangi sun fara zancen ko iska ce. Aka duba shi lafiya lau. Da muka bi yininsa dalla-dalla sai ga shi yana barci daga la'asar zuwa magariba, da dare kuma babansa yana ɗura masa shayi daga kofinsa. Abu biyun nan kawai ta gyara, da ta dawo bayan sati uku ta ce kamar an canza mata ɗa. Tsofaffinmu da suka tsani barcin la'asar sakaliya sun san abin da suke yi. Ki sa la'asar ta zama iyaka: duk wanda yake barci, ana idar da salla a tashe shi a hankali, ko da minti 40 kawai ya samu. Babbar ma in ta fara ƙin barcin rana, kada ki tilasta mata, shekarunta ne na fara barinsa. Ta kwanta ta huta kawai. Shayi kuwa da lemon kwalba mai launin baƙi suna da sinadarin da ke hana barci, kada su kusance su daga la'asar.

Maganar waya ba zan yi miki faɗa a kanta ba, don na san ba don son rai kike miƙawa ba. Amma ki san abin da take yi. Idan duhu ya shiga, ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari mai suna melatonin wanda yake sanar da jiki cewa dare ya yi, haske mai ƙarfi a ido kuma yana jinkirta fitowarsa. Ga shi kuma bidiyon yara an shirya shi ne yadda ɗaya na ƙarewa wani zai hau, babu wurin da yaro zai ji an gama. Ƙa'idojin nan na 2019 sun ce ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin ko kaɗan, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini, in ya gaza haka ya fi. In ya zama dole su kalla, su kalla kafin magariba, ana kiran salla waya ta koma jaka. Girkin kuma ki yi masa dabara. Miyar kwana biyu ko uku a yi ta lokaci ɗaya in akwai inda za a ajiye, a gyara kayan miya tun dawowa daga makaranta. Sannan ki ba su aiki: babbar za ta iya tsince wake ko wanke tumatir a roba, ƙaramin a ba shi murfin tukunya da ludayi da ɗan kwano. Sai dai a shimfiɗa musu tabarma nesa da wuta, inda kina ganinsu amma hannunsu ba ya kaiwa. Na yi jinyar yara da yawa da ruwan zafi ko miya ko kunu ya ƙona, musamman da hunturu, kuma kusan kullum uwa za ta ce juyawa ɗaya kawai ta yi.

Babansu

Wannan shi ne ƙashin bayan tambayarki, kuma shi ya fi buƙatar hikima. Yaran ba su yi laifi ba da suke jiran ubansu, shi ma bai yi laifi ba da yake son ya tarar da su ido biyu bayan ya yini a kasuwa. Amma duba abin da yake faruwa: ya shigo tara da rabi da leda a hannu, ga biskit ga lemo ko tsire, ya ɗaga wannan sama ya cafe, ya yi wa waccan cakulkuli, a kunna duk fitilu, a zauna cin abinci. Jikin yaro ya ɗauka gari ne ya sake wayewa. Daga nan kafin ya sauko sai sha ɗaya.

Abin da na ga ya fi yi wa gidaje irin naku aiki shi ne a mayar da lokacin uba safiya. Ya dawo daga sallar asuba, su tashi su gaishe shi, su sha koko tare da faranti ɗaya na ƙosai, in hanya ta ba da dama shi zai kai su makaranta. Minti 30 na safe da yaro mai ƙoshin barci ya fi awa biyu na dare da yaro mai rigima daɗi, shi kansa zai ji bambancin. Tsarabar da yake shigowa da ita kada a hana shi, a ajiye ta a wuri ɗaya sananne, kan tebur ko cikin wani kwano, su san cewa in sun farka za su tarar da abin da Baba ya kawo. Za ki ga yaro yana saurin kwanciya don gari ya yi saurin wayewa. Da dare kuma, kafin su kwanta, ya kira ta waya daga shago, murya kawai, minti biyu, ya tambaye su abin da suka ci, ya yi musu addu'a, ya ce sai da safe. Sannan a nemi rana ɗaya ko biyu a mako, Juma'a ko ranar da kasuwa ba ta ci sosai, da zai yi magariba a gida a ci tuwo da shi.

Yadda za ki kawo masa maganar yana da muhimmanci kamar maganar kanta. Kada ki tare shi da ita yana shigowa, kada kuma ta fito kamar ƙorafi a kansa. Ki bari ranar da yake cikin nishaɗi ki yi masa lissafin awannin nan, ki ce ga abin da suke buƙata, ga abin da suke samu, yaya yake ganin za a yi. Maza da yawa in aka ba su matsala su warware sun fi ba da haɗin kai fiye da in aka kawo musu hukunci a yanke. In kuma kin san tara da rabin nan ba duka kasuwa ba ce, akwai zaman majalisa a ciki, to wataƙila da kansa zai ga inda awa ɗaya za ta fito. Idan ya shigo ya tarar ɗaya bai yi barci ba, ya shiga a hankali, fitila a rage, ya dafa kansa ya yi masa addu'a, wasan ɗagawa sama a bar shi sai da safe.

Daga la'asar zuwa shimfiɗa

Ga yadda zan jera yammacin in ni ce. Bayan la'asar su fita su yi wasa na gaske, a tsakar gida ko da yaran maƙwabta inda idonki yake kaiwa. Ƙa'idojin da na ambata sun nemi yaro mai shekarunsu ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, kuma yaron da bai gaji da gudu ba da wuya ya kwanta da wuri. Rana na shirin faɗuwa a yi wanka a shafa mai. Ana kiran magariba a rufe ƙofa, kamar yadda ya zo a hadisin Jabir cewa a tsare yara a gida lokacin da dare yake shigowa. Ki yi sallarki suna gefenki, in ƙaramin ya hau bayanki kada ranki ya ɓaci, Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Tsakanin magariba da isha'i a ci abincin dare, a zaune, tare, a wanke hannu a yi bisimilla. Ladabin ci ma a gaban akushi Annabi ya koya wa Umar ɗan Abu Salama yana yaro, cewa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci na gabansa. Daga nan a goge haƙora, a yi fitsari, ki yi isha'i, a kashe babbar fitila a bar ƙarama, a saki gidan sauro, a shiga.

A 2015 an wallafa wani bincike da Jodi Mindell, masaniyar barcin yara a Amurka, ta jagoranta, inda aka tambayi iyaye mata sama da 10,000 a ƙasashe daban-daban. An gano yaran da ake bi da su ta jeri ɗaya kafin kwanciya sun fi saurin yin barci, sun fi ƙarancin farkawa cikin dare, kuma gwargwadon yawan dararen da ake maimaita jerin a mako, gwargwadon kyan barcin. Ba a gidajenmu aka yi binciken ba, amma ya yi daidai da abin da na gani a ɗakina da ɗakunan mutane. Yaro yana samun natsuwa ne in ya san abin da ke tafe. Da ya ji ruwan wanka ya san tuwo na biye, da ya ga an saki gidan sauro ya san saura tatsuniya, jikinsa sai ya fara sauka tun kafin a ce masa kwanta.

Tatsuniyar nan ina so ki riƙe ta da kyau, don a ganina ba mu da abin da ya kai ta a wannan fage. Dubi yadda aka gina ta. Tana da ƙofar shiga: ki ce "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa "Ta zo mu ji ta." Tana da ƙofar fita: da kin ce "Ƙurunƙus," kowa ya san an rufe, babu ƙari. Tsofaffi har hana yin ta da rana suke yi, shi ya sa ta zama alamar dare a jikin yaro. Ba ta buƙatar wuta, ba ta buƙatar data, a cikin duhu ma ta fi daɗi. Ba sai kin haddace da yawa ba, uku ko huɗu sun ishe ki wata guda, don yara masu wannan shekaru maimaici suke so, in kika canza kalma ɗaya babbar za ta gyara miki. Ki yi musu Gizo da tsamin bakinsa da wayonsa da Ƙoƙi matarsa, ki rera 'yar waƙar da ke ciki, ki riƙa sassauta murya yayin da kike dosar ƙarshe. Wani daren ki bar babbar ta yi wa ƙanenta, za ki sha mamakin abin da ta adana. A nan ne kuma Hausarsu za ta yi kauri, tunda a makaranta Turanci za su yini suna ji. Abu ɗaya zan roƙe ki: tatsuniyar dodo mai cinye yara, da tsoratarwar "kwanta ko in kira dodo," a raba su da lokacin barci. Yaron da aka tura shimfiɗa da tsoro zai yi shiru, amma shi ne zai farka tsakar dare yana ihu.

Akwai kuma maganar kunyar ɗan fari, tunda babbar ita ce ta farinki. Al'ada ce mai kyau a gaban manya, kuma a babban gida ba ta cutar da yaro saboda kaka da gwaggo suna cike gurbin, su ne masu jansa a jiki da yi masa wasa. A gidan hayarki babu mai cike wannan gurbin. In kin je Katsina ki yi alkunyarki yadda aka saba, amma a cikin ɗakinki ki rungume ta, ki saurari surutunta.

Bayan ƙurunƙus sai addu'a. Ki karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ki tofa a tafin hannu ki shafe su, su ma su buɗe nasu hannuwan su kwaikwaya, ku ce "Bismika Allahumma amutu wa ahya" tare. Sannan ki zaɓi kalma ɗaya ta sallama wadda ba ta canzawa, ko da "Allah Ya tashe mu lafiya" ce, daga ita kuma babu sauran hira.

Kada ki ce daga sha ɗaya za ki dawo da su takwas da rabi a dare ɗaya, za su yi ta juyi ne kawai ku ɓata da juna. Daga safiya ake fara gyaran dare: ki tashe su lokaci ɗaya kullum, har Asabar da Lahadi kada bambancin ya wuce awa guda, ki buɗe taga hasken safe ya shiga idonsu, don shi ne yake saita agogon jiki. Sai ki riƙa jawo kwanciya baya da minti 15 ko 20 duk bayan kwana biyu ko uku. Cikin sati biyu zuwa huɗu za ku iso. Daren farko-farko za a yi kuka, za a nemi ruwa sau uku, za a ce fitsari. Ki zauna kusa, ki yi ta mayar da su shimfiɗa ba tare da duka ko dogon bayani ba. Ƙaramin in sai an goya shi yake lafawa, ki goya shi, amma ki yi ƙoƙarin sauke shi yana layi kafin barcin ya yi nauyi, don ya saba ƙarasawa a kan shimfiɗarsa. Kayan makaranta da takalma kuma a fitar da su tun dare, rabin rigimar safe neman safa ne.

Mako ma yana son alama. Ki ba Juma'a kamanninta: a yanke farce, a sa kaya masu kyau, a dafa wani abu da ba a dafawa sauran ranaku, a ba yaro sadaka ya miƙa da hannunsa, a kira Katsina a gaida kakanni. Ba sai abin ya ci kuɗi ba, maimaituwarsa ce take sa ya zauna a zuciya. Kuma ki sani tsarin zai riƙa rushewa. Azumi zai zo ya juya dare, biki zai zo, za a yi tafiya, bazara za ta zo da zafin da ba a iya kwana a ɗaki in babu wuta. A irin waɗannan ranaku kada ki ce sai komai ya tafi daidai. Ki riƙe guntun ƙarshen kawai, tatsuniya ɗaya da addu'a da kalmar sallama, don su ana iya yinsu a mota, a ɗakin baƙi, a tsakar gida cikin gidan sauro. In an dawo gida a koma turba, kwana biyu ko uku sun isa.

Inda shawarata ta tsaya

Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan saƙonki, ban ga yaran ba, ban duba su ba, kuma yara suna bambanta, wani Allah Ya yi shi mai ƙarancin barci ne a kan ɗan'uwansa. In kin yi wata guda kina bin wannan babu sauyi, ko kuma kin ga ɗayan waɗannan, ki kai su asibiti: munshari mai ƙarfi kullum, musamman in numfashi yana ɗaukewa ya dawo ko yaro yana kwana baki buɗe, susar dubura da dare, wadda sau da yawa tsutsar ciki ce, jan kunne da kuka, zazzaɓi, tarin dare da ba ya jin magani, rama ko ƙin abinci. Firgita cikin barci, inda yaro zai tashi yana ihu ido buɗe bai gane ki ba, da safe kuma bai tuna komai ba, tana faruwa ga yara masu shekarun babbar kuma rashin isasshen barci yana ƙara ta. Ki yi masa addu'a, ki tsare shi kada ya ji ciwo, kada ki girgiza shi. Amma in jiki yana sandarewa ko yana jijjiga, wannan na asibiti ne ba tare da jira ba. Sannan don Allah, duk wanda ya ce ki ba su maganin mura ko na tari don su yi barci, kada ki karɓa. Wasunsu suna iya danne numfashin ƙaramin yaro.

Ke ma ki duba kanki. In sun kwanta takwas da rabi, kada ki mayar da duk sararin wanki da guga har sha biyu, ki ɗebi rabonki na barci, don uwar da ba ta huta ba ita ce haƙurinta yake ƙarewa tun kafin magariba.

Hajiya kuwa kada ki ja da ita, kada ma ki ce mata kin sa wa jikokinta doka. Ki ce mata kina so ki riƙa yi musu irin rainon da ta yi, wanka kafin magariba, tuwo da wuri, tatsuniya bayan isha'i, amma tatsuniyoyin sun gudu daga kanki. Ki roƙe ta ta riƙa aiko muku da su ta saƙon murya a WhatsApp, ki kunna musu a cikin gidan sauro, wayar a kife. Ki ce ta fara da wadda take yi wa babansu yana ƙarami.